Darasin da Mahaifina Ya Bayar a Bukkuyum

Ban taɓa jin mahaifina ya ɗaga murya ba. Duk wanda na fara ba labarinsa, abin da yake tambaya ke nan, ko yana faɗa, ko yana duka. Ba ya yi. Mutum ne dogo siriri mai tafiya a hankali, in zai yi maka magana sai ya ɗan rusuna kamar kai ne babba. A Anka ba a kiran sunansa, Jakada ake cewa, tun yana ƙaramin ma'aikaci a ofisoshin jakadancinmu na ƙasashen waje, tun kafin ya kai matsayin da gaske.

A hannun yayarsa na tashi, wadda nake kira Goggo. Ba a daɗe da yaye ni ba auren iyayena ya mutu. Inna ta koma gidan wanta a Gummi, ni kuma aka ce ɗiya ta uba ce, aka bar ni a Anka, alhali uban yana wata ƙasa da ko sunanta Goggo ba ta iya faɗa daidai. Labarin rabuwarsu na sha jin sa tun ina kan gwiwar Goggo tana yi min kitso.

"Uwarki ba ta da haƙuri," in ji ta. "Mijin da bai taɓa ce mata ci kanki ba, ita tat tashi da ƙahwarta tat tahi gaban alƙali. Har ƙasa yad durƙusa gaban dattawa shina ba ta haƙuri, tak ƙiya. Ke dai kada ki ɗauko halinta."

Haka duk unguwa ta san labarin, haka ni ma na san shi.

Ganin da na fara yi masa da wayona shi ne lokacin rasuwar kakana, ƙarshen mulkin soja, ina ajin ƙarshe na firamare. Ya zo da farar mota da direba, ya zauna a tabarma a ƙofar gida tare da kowa. Babu tsohuwar da bai tuna ciwon ƙafarta ba, babu almajirin kakana da bai kira da sunan ubansa ba. Da aka tura ni in gaishe shi, na durƙusa. Ya ɗora hannu a kaina.

"Yarinya, ya karatu?"

Na ce lafiya lau.

"Madalla," ya ce, ya miƙo min alewa daga wani gwangwani. Yarinyar maƙwabtanmu tana bayana, ita ma ya ɗora mata hannu, ya yi mata tambayar nan, ya ba ta alewar nan. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da shi ke nan har ya koma.

Inna ta zo ta'aziyya da wanta, Kawu, a motar kasuwa. Mahaifina ya miƙe tsaye ya tari Kawu, ya riƙe hannunsa ya daɗe, sannan ya shiga har cikin gida inda mata suke, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Ya ce ta sha hanya saboda su, Allah ya ba da lada. Matan suka riƙa kallon juna. Na ji wata tana cewa a hankali, "Ku dubi mutum don Allah, wadda tak kai shi kotu."

Inna ba ta ɗago kai ba. Kafin su tafi Kawu ya roƙa a ba su ni in yi hutu ɗaya a Gummi.

"Ai ni ba ni da ta cewa," in ji mahaifina yana murmushi. "Yaya ce ta raine ta. Duk yadda ta gani."

Goggo ta ce ba bana ba. Kowace shekara ba bana ba ce. Na raka su bakin hanya, Inna ta kama hannuna ta duba tafin kamar tana neman wani abu a ciki, ta sake ni ta shiga mota. Kawu ne kawai ya yi magana, da kansa yake yi ba da ni ba. Ya ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha."

Daga nan aka ɗauki mahaifina aro zuwa wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa. Aikinsa ya koma ƙasashen bakin teku da yaƙin basasa ya ci, yana shiga daji yana lallashin 'yan tawaye su ajiye bindiga. Mukan ji shi a rediyo da safe. Goggo ta kife turmi ta ɗora rediyon a kai, ta aika a kira maƙwabta. Hausar rediyo yake yi, irin ta Kano, babu ko ɗigon maganarmu a bakinsa. Ina alfahari da shi ƙwarai. A makaranta in aka ce wace ce ɗiyar Jakada, har wani tsayi nake ƙarawa.

Makarantar kwana ta 'yan mata a Gummi aka tura ni sakandare. Goggo ta yarda ne don makarantar tana da katanga. A nan na san Inna. Man gyaɗa take matsewa ta sayar, hannayenta kullum da ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ba ta sake aure ba, don maza suna shakkar macen da ta san hanyar kotu. Ranar ziyara takan zo da ƙullin ƙuli da yaji da tuwon dawa a kwano, ta zauna a gefen tabarma tana kallona ina ci. Ba mu da hira mai yawa. Sau ɗaya na tambaye ta me ya sa ta bar shi.

"Ubanki mutumen kirki na, kowa ya sani," ta ce. "Ci abincinki kada shi huce."

Ina gama sakandare shi kuma ya bar aikin waje, ya dawo gida ya shiga koyarwa a jami'a, fannin hulɗar ƙasashe da sasanta rikici. Ni na zaɓi jami'ar, ni na zaɓi sashen, ba wanda ya sa ni. Na ɗauka in ina zama a gabansa kullum, dole wata rana ya dube ni. Makon farko na je ofishinsa. Ya ba ni kujera, ya tambayi Goggo, ya tambayi ɗakin kwananmu ko da ruwa.

"Abu ɗaya," ya ce. "A nan ba ni da 'ya, ɗalibai nake da su. Kin gane?"

Na ce na gane, har na ga adalcinsa a ciki. Sunan garinmu muke amfani da shi a takarda, ni da shi da wasu 'yan Anka da yawa, saboda haka babu wanda ya haɗa mu. Malami ne na gaske, wannan ba zan ɓoye ba. Ajinsa kan cika har taga. Yakan ba da labarin kwamandan da ya ƙi ajiye makami sai da aka bar masa hularsa, da na ministan da aka shawo kansa ta hanyar barinsa shi kaɗai a ɗaki da agogo. Mu yi ta dariya muna rubutawa.

A shekararmu ta ƙarshe ya ce zai kai wasunmu su ga sulhu da idonsu. Akwai wani ƙauye bayan Bukkuyum inda manoma da makiyaya suka samu saɓani a kan burtali da mashaya. Gonaki sun ci hanyar shanu, shanu sun ci dawa, an fasa wa wani kai. Manyan yankin suka roƙe shi ya shiga, ya kuma yi makonni yana zuwa shi kaɗai kafin ya kai mu. Bayan girbi ne. Motar makaranta ta tsaya a Bukkuyum don ba ta iya haye rafi, muka ƙarasa a kan babura.

Ardon rugar tsoho ne mai farin gemu, a wurin aka haife shi, a wurin aka binne iyayensa. Mahaifina ya gaishe shi da Fillanci, ya sha nono a ƙwarya, ya yabi bijiminsa. Da aka zauna taro a ƙofar mai gari, sai na ji abin da ban taɓa ji ba: mahaifina yana Hausarmu ta gida, "munka" da "sunka" da "mi kac ce", kamar bai taɓa barin Anka ba. Bai ce wa Ardo ya tashi ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi ƙasar ta kowa ce, su zauna. Sai dai a riƙa shayar da shanu bayan mata sun gama ɗiban ruwa. Sai dai in za a bi burtali a sanar da mai gari tukuna. Sai dai duk ɓarnar da aka gani, ko ta shanun baƙi masu wucewa ce, rugar za ta ɗauka har a gano mai ita. Kowane sharaɗi in ka ji shi kaɗai ba ka ganin laifinsa. Ardo ya waiwaya ya dubi ƙannensa da sauran shugabannin rugage da ke zaune bayansa. Babu wanda ya buɗe baki. Ya daɗe yana kallon sandarsa.

"Mu za mu tashi," ya ce.

Mahaifina ya kama hannunsa da hannu biyu. "Haba Ardo, don Allah kada ka yi muna haka." Ya roƙe shi, ya sake roƙo, muryarsa har tana rawa. Ardo ya girgiza kai. Sai mahaifina ya juya ga jama'a ya ce, "To, kun dai ji. Ni na roƙe shi." Aka shafa fatiha. Mai gari har da hawaye.

Bayan azahar muka zauna a gindin tsamiya muna cin abincin da aka kawo mana. Kowa na cike da mamaki. Wani ɗan ajinmu mai yawan tambaya ya ce, "Ranka ya daɗe, dama so kake ya tashi?"

"Tun ranar farko," in ji mahaifina. Ya ce ya bi ƙannen Ardo ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi masa alkawarin allurar shanu, wancan ya sama wa ɗansa makaranta, har ya zamana babu wanda zai iya kallon idonsa ya musa masa. "In ka kori mutum, ka ba shi abin faɗa har jikokinsa. In ya tashi da bakinsa, me zai ce? Wa zai kai wa ƙara?"

"A wace ƙasa ka koyi wannan, Malam?"

Ya yi dariya, ya goge hannunsa da hankici. Da Turanci yake koyarwa, amma wannan da Hausa ya faɗe shi.

"A gidana. Ina saurayi aka aura min wata yarinya 'yar ƙauye. Ba ta da laifi, amma ba irin wadda za ka shiga da ita liyafar jakadu ba ce. In na sake ta, mahaifina zai yi fushi, gari zai ce boko ya lalata ni, kuma a aikinmu ana duba irin wannan. To sai na zama mijin da babu kamarsa. Ban taɓa yi mata tsawa ba. In ta kawo abinci in yi godiya, in ce na ƙoshi. In ta yi magana in saurara har ta gama, in ce Allah ya kyauta. In zo hutu in gaida kowa, in kwana a zaure in ce zafi. 'Yan'uwanta kuwa, babu wanda ban yi wa alheri ba. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce mata, me ya yi miki? Ta rasa amsa. Ta yi ƙoƙari, gaskiya, ta fi wasu janarori juriya. Daga ƙarshe da ƙafarta ta je wurin alƙali. Na zo na durƙusa gaban dattawa na roƙe ta, don na san ta wuce inda za ta dawo."

Aka fashe da dariya. Wani har da tafi. Wata da ke kusa da ni ta ce, "Kai, Malam!" tana rufe baki da mayafi.

"Ba ta tona maka asiri ba daga baya?" in ji mai tambayar.

"Akwai 'yar yarinya tsakaninmu. Na bar ta a hannun 'yar'uwata, na ce kada a riƙa ba da ita. Muddin abin da mutum yake so yana hannunka, ba zai ɗaga murya ba, kullum yana sa ran gobe. Ku riƙe wannan, a kowace yarjejeniya ka tabbata wani abu nasu ya rage a wurinka."

Ina zaune tsakaninsa da ni bai fi tsawon tabarma ba. Ya san ina nan, shi ya rubuta sunayen waɗanda za su zo. Da yake maganar yarinyar idonsa ya bi ta kaina kamar yadda ya bi ta kan kowa. Loma tana bakina. Na tashi kamar zan wanke hannu, na zagaya bayan wani rumbu na tofar.

Da aka fara haramar tafiya na same shi shi kaɗai yana gyara hula.

"Baba," na ce. Rabon da in kira shi haka tun kafin in shiga jami'a.

"Na'am."

"Innata ce."

"Na ambaci suna?"

"A'a."

"Na faɗi abin da ba haka ba ne?"

Na riƙe gefen hijabina da hannu biyu. 

"Kin girma," ya ce da taushin murya. "Na ga ya kamata ki sani, kuma gara ki ji shi a matsayin ilimi. Ki natsu ki yi tunani a kansa, zai iya fitowa a jarrabawa." Ya dubi rana. "Ki hau babur, kada mu yi yamma."

Na hau, amma da muka iso Bukkuyum ban shiga motar makaranta ba. Na ce wa shugaban ajinmu zan duba wata gwaggona, na tsaya a tasha na shiga motar Gummi.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana murza tunkuza, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Ta ga fuskata ta ce wa ya mutu. Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, har dariyar da aka yi. Ina jiran ta yi kuka ko ta yi salati. Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Tun watan hwarko. Mace ba ta sanin an ƙoshi da ita?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Me ya sa kika bari ana zaginki shekara da shekaru?"

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. "In ce mi? In ce shina gaishe ni da ladabi? In ce shina yi man godiya in na kai mai tuwo? Uwata da tah haihe ni cewa tay yi aljanu ka taɓa ni, har rubutu anka ba ni in sha." Ta mayar da kai kan aikinta. "Abu guda na ban sani ba. Na ɗauka Goggonki ta ka hana ni ke."

Ta ci gaba da murza. Can sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar man yana malala daga bakin kwano zuwa ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ban bi ta ba. Da ta fito idonta a bushe yake. Na ce ba zan koma makarantar ba.

"Za ki koma," ta ce. "In kin bari, cewa za a yi ɗiyar uwatta ta, ba ta da haƙuri. Kuma shi ma zai zo shi roƙe ki gaban mutane. Ki tahi ki ci jarrabawarshi."

Na koma. Tambayar ta fito, an sauya mata kaya, an ce ɓangarori biyu ne a wata ƙasa da ba ta da suna. Na amsa ta yadda ya koyar, ban bar komai ba. Na samu maki mafi girma a ajin. Da ya ba da sakamako ya kira lambata, ya ce a tafa wa mai ita.

Bayan na gama na je Anka na zauna da Goggo a ɗakinta na faɗa mata abin da na ji a gindin tsamiya. Ta tsufa lokacin, tana jan carbi tana saurare.

"To, ya doke ta?" ta ce.

"A'a."

"Ya zage ta? Ya hana ta ci ko sutura?"

"Goggo, shi ya ce kada ki ba da ni."

"Ƙanena na, kuma ubanki na. Abin da yac ce shi niy yi." Ta ajiye carbin. "Ni na san za a rina. Tun da anka kai ki Gummi nis san za ta juya miki kai."

Daga ranar ta daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. In na gaishe ta takan amsa, ba ta ƙari. Na kwashe kayana na koma Gummi, na samu aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata, na kama mana ɗaki biyu ni da Inna. Mutanen Anka suka ce na yi butulci, na bar wadda ta raine ni na bi wadda ta yar da ni. Mahaifina ya aiko a gaya min akwai gurbi a ma'aikatar harkokin waje in ina so, zai yi magana. Na ce a yi masa godiya.

Zama da Inna bai zo da sauƙi ba. Ba ta san abin da nake so ba, ban san abin da take so ba. Takan nemi izini kafin ta shigo ɗakina. Mun fi shekara kafin ta fara yi min faɗa in na bar murhu a buɗe, kuma ranar da ta fara, sai da ta tsaya a tsakiyar faɗan ta dube ni ta ga ko zan tafi. Ban tafi ba. Na rufe murhun na ɗauko tsintsiya.